Kwana a Bayan A-kori-kura a Gaɓar Tafkin Kainji



Da takardar gayyata ta iske mu, aka ce mu zo mu yi magana a kan aikin karkara da abin da ke jiran ɗalibi in ya bar jami'a, mun san abin da ake tsammani daga gare mu. Ana tsammanin mu zo da tulin takardu, mu yi ta ambaton raya karkara har magariba ta kore mu. Sai muka ga gara mu ɗauki ƙaramin abu guda wanda muka sani ciki da bai, mu jujjuya shi a gabanku. Abin nan kuwa shi ne kwana a bayan mota, watau motar nan mai buɗaɗɗen baya da Bahaushe ya raɗa wa suna a-kori-kura. Mun hango wasu can baya sun fara dariya. Ku yi dariyarku, ba laifi. Amma a cikinku akwai masu karatun aikin gona, da na dabbobi, da na kiwon lafiya, akwai kuma waɗanda suka riga suka kama aikin gwamnati. Da wuya shekara biyar ta wuce ba a tura ɗayanku wani ƙauye mai nisa ba, rana ta faɗi, direba ya kashe mota, ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, yau fa nan za mu kwana." Ran nan za ku tuna da mu.

Inda muka koyi namu darasin shi ne ƙasar Yauri, a kudancin Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga Jihar Sakkwato a 1991. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku. Shanga tana daga arewa, inda Kogin Kwara, wanda littattafai ke kira Neja, yake nan da kamanninsa na kogi. Yauri tana tsakiya, da babban garinta Yelwa, wajen kan tafki. Ngaski kuwa ta miƙe kudu tana bin gaɓar gabas har Wara. Tafkin kansa ba daɗaɗɗe ba ne. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka tare kogin a 1968, ruwa ya koma baya ya shimfiɗu tsawon kilomita 130 ko fiye, ya rufe ƙasa sama da murabba'in kilomita 1,200. A bakinsa da tsibiransa za ka tarar da Gungawa, da Kambari, da Shangawa, da Lopawa, da Hausawa, da Sarkawa masunta, ga Fulani da shanunsu in ruwa ya janye ciyawa ta fito. Ku dubi taswirar yankin, za ku ga sunaye iri biyu sun cika ta, Gungun kaza da Tungan wane. Gungu tsibiri ne, tunga kuwa sansani ne da ya daɗe har ya zama ƙauye. Ke nan mutanen da muka je wa sun riga mu sanin kwanan sansani tun kaka da kakanni.

Aiki ne ya fara kai mu, na ƙidayar jiragen su da masu su, mu huɗu da direba. Daga baya muka ƙulla abota da wasu maharba, muka riƙa bin su farautar zabin daji da fakara a tudu, da dinya da kirinjijiya a fadama. A cikin waɗannan tafiye-tafiye mun kwana a bayan mota fiye da yadda za mu iya ƙirgawa.

Bari mu fara da ita motar. Magabatanmu a aikin gwamnati sun yi rangadinsu cikin Peugeot, wadda muke kira Fijo, tun bayan da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Mu kuwa Toyota Hilux muka tarar. Wadda ke da mazaunin mutane layi biyu, tsawon bayanta bai wuce mita ɗaya da rabi ba sai da kaɗan, saboda haka dogon mutum ko dai ya kwanta a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, ko ya sauke murfin baya ƙafafunsa su sami wurin miƙewa. Ga ƙusumbin tayoyi biyu sun cinye gefe da gefe, ga daɓen ƙarfe mai tudu da kwari kamar kunyar gero. Mutum biyu za su kwana lafiya. In sun kai uku, to, kafin asuba an yi faɗa. Duk da haka tana da amfani guda wanda tabarma a ƙasa ba ta da shi: ta ɗaga ka sama kamar tsayin ƙugu. Kububuwa da kasa dabbobin dare ne, kunama ma haka, kwarkwasa kuwa in ta yi jerin gwano ta bi ta kanka, ba ka sake barci a daren. Wannan ɗan tsayi ya raba ka da yawancinsu, ya kuma raba ka da laimar ƙasar bakin ruwa.

Sauro kam bai san da wani tsayi ba. Sauron da ke ɗauke da zazzaɓi da dare yake cizo, bakin tafki kuwa gidansa ne. Tilas ka ɗaura gidan sauro a ƙarafunan da ake ɗora tamfol, ka cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa ta kowane gefe, tun da sauran hasken rana. Wanda ya bari sai ya ji kukansa, da shi zai rufe kansa a ciki.

Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne sanyi. Da rana ƙarfen nan ba ya taɓuwa don zafi, sai mutum ya ɗauka ya sami gado mai ɗumi. Ina! Ƙarfe ba ya riƙe amana. Yadda ya ɗauki zafi da sauri haka yake sakinsa da sauri, musamman a hunturu, cikin Disamba da Janairu, lokacin da sama take tas babu girgije. Wajen ƙarfe uku na dare zai gama sakin nasa, ya koma yana zuƙe naka ta baya da haƙarƙari. A darenmu na farko mun lafta barguna bibbiyu a kanmu, muka kwanta a kan tabarma guda, muka wayi gari haƙoranmu na kaɗawa. Wani tsohon masunci ne ya dube mu ya ce, "Samari, kun rufe inda ɓarawo ba ya shigowa." Daga ran nan muka gane abin da ke ƙarƙashinka ya fi abin da ke samanka muhimmanci. Kwali, da buhunan wofi, da busasshiyar ciyawar shinkafa in an samu, sa'an nan tabarma, sa'an nan 'yar katifar soso. Bayan sanyi sai raɓa. Iskar da ta taso daga tafki cike take da laima, tana samun ƙarfe mai sanyi sai ta zauna, ka tashi bargonka sharkaf kamar an yi yayyafi. Maganinta a ja tamfol daga sama ya zama rufi, a bar gefe a buɗe.

A nan muna roƙonku ku saurara da kyau, domin magana ce ta rai. Sanyin nan yakan sa mutum dabara iri uku, ko wacce tana kisa. Ta farko, ya sauke tamfol ya rufe ko'ina ruf. Ta biyu, ya shigo da kaskon gawayi. Ta uku, ya ce wa direba ya tayar da inji don a sami ɗumi. Gawayi da salansar mota duk suna fitar da wata iska mai guba, kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, sai ciwon kai, sai kasala, sai barci mai nauyi, mai barci kuwa ba ya sanin an zo ɗaukarsa. Wuta a ƙasa take zama, nesa da mota. Jarkokin fetur a sauke su, a kai su wani gefen dabam, nesa da wutar. Bindiga kuma, in akwai maharbi a cikinku, a cire mata harsashi kafin ta hau inda mutane za su yi juyi cikin barci.

Sai inda za a tsayar da motar, wanda shi ma ilmi ne. Kwara a nan cika biyu take yi a shekara. Akwai farin ruwa, na daminar ƙasarmu, mai zuwa da laka wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka tun a duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana jan jiki cikin fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso mana tsakiyar rani. Tsakanin wannan shigowa da abin da madatsa ke saki don samar da lantarki, tafkin yakan hau ya sauka mitoci da dama kowace shekara. In ya janye sai ya bar fili shimfiɗaɗɗe, sumul, mai kiran direba. Kada ku amsa kiran. Samansa ya bushe ya tsattsage, ƙarƙashinsa kuwa kunu ne. Mota za ta tsaya daram da yamma, da safe ka tarar tayoyi sun nutse, a yi ta neman majiya ƙarfi da shanun huɗa har azahar. A nemi tudu mai tsakuwa, a daidaita motar kada kai ya fi ƙafa gangarowa, a juya hancinta ya fuskanci hanyar fita, a ja birkin hannu, a sa waigi. Kowa kuma ya san inda makulli ya kwana.

Kafin a kashe inji, a sauka a dubi sawu. Dorina da rana tana ruwa, da dare take fitowa kiwo, kuma hanya guda take bi kullum har ta zama turba. Sawunta faɗin faranti ne, da yatsu huɗu. Wanda ya tsaya tsakaninta da ruwa ya sa kansa a halaka, ƙarfen mota kuwa ba abin da zai hana ta. Kada ku ɗauka labarin dā ne. A watan Oktoba na 2024 sai da masunta da maharba suka yi gayya a Yauri suka kashe wata dorina, bayan ta hallaka mutum ta kuma addabi manoman shinkafa. Wanka ma a yi hattara. Ruwa mai kwanciya a gefen ciyayi nan katantanwar da ke yaɗa tsargiya take zama.

To, jama'a, duk abin da muka lissafa ɗin nan ilmin rabin awa ne, kowane tsohon direba zai koya muku shi a kan kofin shayi. Abin da ya sa muka zaɓi wannan magana wani dare ne guda.

A ƙasar Ngaski ne, kudu da hanyar da ta nufi Wara. Mun yini muna aiki, maharbi abokinmu yana tare da mu da bindigarsa, da niyyar mu yi sammakon dinya. Magariba ta riske mu kusa da wata tunga. Direbanmu, dattijo ne da ya girme mu duka, ya ce, "Ranku ya daɗe, mu shiga mu yi sallama da mai gari." Muka ƙi. Dalilin da muka ba shi shi ne gajiya, da cewa kada mu ɗora wa talakawa nauyi. Dalilin gaskiya kuwa, tun da yau ranar faɗin gaskiya ce, ba mu son doguwar gaisuwa, ba mu son a kawo mana tuwon da ba mu zaɓa ba da ruwan da ba mu yarda da shi ba, muna ƙyamar ɗakin da za a ba mu saboda kuɗin cizo. Muna da gadonmu, muna da burodinmu da kifin gwangwani, me za mu nema wurin wani? Muka ja mota can gindin wata tsamiya, tafiyar minti goma daga gidajen, muka kashe fitila, muka yi shimfiɗa yadda muka bayyana muku, babu kuskure ko ɗaya. Gidan sauro ya ɗauru, kwali yana ƙasa, hanci yana fuskantar hanya.

Wajen ƙarfe biyu na dare haske ya tashe mu. Tocila ta ko'ina, a idanunmu. Maza ne kamar ashirin sun yi mana zobe, da bindigogin toka, da kwari da baka, har da zago irin na farautar ruwa. Muna cikin gidan sauro kamar kifi a koma, ko tashi zaune ba mu iya yi da sauri. Abin da ya cece mu, bayan ikon Allah, shi ne maharbin nan. Bai motsa hannu ba. Daga kwance ya ɗaga murya ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na ubansa da na garinsu, ya ambaci sarkin bakan da ya koya masa harbi. Aka yi sa'a wani a cikinsu ya san mutumin. Sai bakin bindigogi suka sauka.

Da aka kai mu gaban mai gari muka ji sauran labarin, wanda ya fi tsoron da muka sha zafi. Ashe wani yaro mai dawowa da awaki ya ga baƙuwar mota ta ratse daji ta kashe fitila, ya kuma hangi bindiga. Tun bayan isha aka kwashe mata da yara da tsofaffi a kwalekwale, cikin duhu, cikin sanyin nan, aka tsallakar da su wani gungu. Har da mace mai jego. Mu muna can muna minshari a kan katifar soso, gari guda ya kwana a kan ruwa saboda mu. Da kwalekwale ɗaya ya kife a daren, ku gaya mana, alhakin wa? Tsohon bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi mana sauƙi. Cewa ya yi, "'Ya'yana, da kun yi sallama, da ɗaki ne naku. In kun ƙi ɗaki, ai ƙofar gidana ba ta ƙi mota ba." Ya sa aka jawo motar aka tsayar tsakanin zaurensa da masallaci. Muka koma kan shimfiɗar nan tamu, ita ce dai ba wata ba, muka yi barcin da ba mu taɓa yin irinsa a bayan mota ba, ko da yake kunya ta ɗan jinkirta shi.

Tun daga ran nan muke tunanin inda muka gaji wannan hali. Kun san kalmar bariki. Asalinta masaukin da ake gina wa Bature a bayan gari, domin in Di'o ya fito rangadi ya sauka can, a kafa masa gadonsa na tafi-da-gidanka wanda 'yan alaro suka ɗauko, hakimi da dagatai su zo su same shi, ya ji abin da zai ji, ya wuce. Bature ya tafi a 1960, amma barikin bai tafi ba, ƙafa huɗu ya yi. A-kori-kura ta ba ɗan boko abin da Di'o ma bai samu ba, watau ya shiga ƙasar mutane, ya ci, ya kwana, ya fita, ba tare da ya buƙaci ko ɗan dako ba. Alhali tsarin da muka gada wani ne dabam. Fatake suna da zango, baƙo yana da mai masauki, kuma mai masauki shi ne shaidarka, shi ne lamuninka. Wanda ya ba ka ruwa ka sha ya ɗauki nauyin tsaronka, kai kuma ka ɗauki nauyin kada sharri ya fito daga wajenka. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mu mun ƙara da cewa baƙon da bai yi sallama ba, su ma mutanen gari ya makantar da su, don ba su san abin da ya kwana a bayansu ba.

Wannan gaɓa ta taɓa ganin irin haka. Mungo Park ya gangaro Kwara daga ƙasar Mali a ƙarshen 1805 cikin jirginsa, ya ƙudura ba zai riƙa sauka ba, a ciki yake ci, a ciki yake kwana, wanda ya matso kuma a harbe shi. A Yauri ya rabu da jagoransa Amadi Fatuma, wanda daga baya ya ba da labarin cewa kyautar da aka bayar don Sarki ba ta isa hannun Sarki ba. A 1806 Park ya hallaka a duwatsun Busa, wurin da yanzu ke ƙarƙashin tafkin. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Yauri neman takardunsa. Su sun sauka, sun yi fiye da wata guda a hannun Sarki, sun sha jira har sun ƙosa, amma sun fita da ransu, suka bi kogin har teku. Ba muna cewa gaisuwa kaɗai ce ta raba makomarsu ba. Muna dai cewa a duba.

Akwai kuma hasarar da ta fi ta tsaro daɗewa, ita ce ta ilmi. Da za a tare kogin nan an tashi mutane sama da 40,000. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibiran Gungawa da yawa sun nutse da gonakinsu na albasa. An yi bincike, an rubuta rahotanni, an gina musu sababbin gidaje na bulon siminti da rufin asbesto. Ku je ku gani da idonku yadda mutane da yawa suka kewaye waɗannan gidaje da ɗakunan ƙasa da rumbuna irin nasu na dā. A ganinmu waɗanda suka tsara aikin ba mugaye ba ne, masu ilmi ne ƙwarai. Sai dai akwai abin da ba a sani game da ɗaki sai an kwana a cikinsa a watan Afrilu. Mu ma da takardunmu na tambayoyi haka muke. Da rana ka tambayi masunci jirage nawa gare shi, zai dube ka ya dubi motar gwamnati, ya tuna haraji, ya ba ka amsar da ta dace da motar. Bayan isha kuwa, a ƙofar zaure, in an ci an wanke hannu, babu mai tambayar kowa, nan za ka ji wanda ya ba shi bashin inji da yadda ake biya da kifi, da rigimar masu jan dala, tarun nan mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi, da inda kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suke tsaye a ƙarƙashi suna jiran cikin jirgi. Nan za ka gane abin da ke sa mutane cika jirgi fiye da kima ranar kasuwa, saboda hanyar mota ta yi nisa ko ta lalace. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgi ya taso daga Jihar Neja ya nufi Wara da mutum fiye da 150, ya karye a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a irin wannan hira bai yi mamakin yadda abin ya faru ba, baƙin ciki kawai ya yi.

'Yan'uwanmu mata, ku kun fi mu sa'a a nan. Abokiyar aikinmu da aka shigar cikin gida wurin matan mai gari ta fito da safe da abin da mu huɗu ba mu tara a mako ba, tun daga farashin itacen banda kifi har zuwa yawan yaran da ke fitsarin jini.

A Amurka da Ostireliya kwana a bayan irin wannan mota nishaɗi ne. Akwai tantin da ake sayarwa daidai da bodinta, akwai filayen gwamnati masu faɗi inda mutum zai kwana ba ya gaida kowa. Muna ganin hotunan a intanet, wasunmu har suna sha'awa. A ƙasarmu kuwa babu dajin da ba shi da mai shi. Akwai mai gona, akwai mai burtali, akwai sarkin ruwa, akwai sarkin baka, kowa da iyakarsa, ko da ba a kafa allo ba. Akwai kuma doka. Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 daga dazuzzukan Borgu da Zugurma, ba a farauta a cikinsa. Dokar 1985 ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa, irin su ayu. Bindiga kuma sai da lasin.

Zamani ma ya ƙara wa maganar nauyi. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a cikin ƙaramar hukumar Ngaski, suka kwashi ɗalibai da malamai, 'yan mata na ƙarshe ba su dawo gida ba sai a 2023. Bayan irin wannan, me kuke zato baƙuwar mota a gindin tsamiya take nufi ga uban da ke da 'ya'ya? A watan Maris na 2025 kuma, a Uromi ta Jihar Edo, aka tare wasu mafarauta 'yan Arewa cikin babbar mota suna hanyar komawa gida salla, aka ga bindigoginsu na farauta, aka kashe mutum 16. Zalunci ne, babu wani suna da za a ba shi. Amma ya nuna mana matsayin baƙo mai makami a wurin da babu wanda zai ce na san shi. Saboda haka a wurare da dama na wannan yanki shawararmu a yau ita ce kada a kwana a daji sam. A tambayi hakimi da jami'an tsaro tun kafin a tashi, in sun ce hanya ba kyau a haƙura. A isa gari da la'asar sakaliya, da sauran ido, a wuce kai tsaye ƙofar mai gari, a faɗi ko su wane ne, daga ina, mutum nawa, me ke cikin mota, yaushe za a tashi. In akwai bindiga a nuna ta, in ya ce a ajiye a zaurensa a ajiye. In an ba ku ɗaki ku karɓa. In kuwa ɗakin ba zai ɗauke ku ba, ko kuna tsoron kayan aiki, ku roƙi izinin kwana a bayan motarku nan ƙofar gida, babu wanda zai ga laifinku. Ƙwaryar goro, da sukari, da gishiri, da batir ɗin tocila ba za su karya ku ba. Kada kuma ku miƙa kuɗi a madadin tuwo, cin fuska ne, a ba yara da tsofaffi alheri lokacin tafiya ya fi.

Wanda yake ganin digirinsa ya fi ƙarfin durƙuso a zaure, ya tuna Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kafin ya hau gadon sarautar Yauri a 1999. Zauren da kuke gudu, mai yiwuwa wanda ke samansa ya fi ku takardu.

Dinyar da muka je nema dai ba mu harbe ta ba. Da gari ya waye muna tsaye a bakin ruwa tare da maza, ana dawo da mata da yara daga gungu, kwalekwale bayan kwalekwale, muna kama hannun tsofaffi suna sauka, babu mai iya haɗa ido da su a cikinmu. Mai jegon ce ta ƙarshe. Ta dube mu ta tambayi mijinta, "Su ne?" Ya ce su ne. Ta ce, "To, an ba su koko?"

Shugaban taro yana ta duban agogo, mun gani. Abu ɗaya muka manta, takalmi. Ku hau mota da shi. In kuwa kun bar shi a ƙasa, ku kife shi ku bubbuga kafin ku zura ƙafa, kunama tana son ɗuminsa.